Kawu da Jan Maganin Iri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama, ya rasu a gidansa na Ƙonni cikin bazarar bana, bayan jinya mai tsawo. Kwanakin makoki na yi su a tsakar gida tare da mata, amma kunnena yana ƙofar gida wajen maza, don katangar gajera ce, mutanenmu kuma ba su iya magana a hankali ba. Abin da na ji a kwanakin nan shi ya sa na ce sai na rubuta wani abu a kansa, tun kafin masu baki su gama yanka masa rigar da ba tasa ba.

Tsofaffin abokan aikinsa na sarwis ɗin noma sun zo da manyan riguna suna ƙamshin turare, suka ce an yi rashin ma'aikaci, irinsa ba a ƙara yi. Su ɗin nan kuwa, tun ranar da ya bar buro, wato ofis, babu wanda ya taɓa leƙo shi ko da sannu. Wani tsoho mai noman albasa ya taho daga fadamar Tsarnawa a ƙasa, ya durƙusa gaban matar Kawu yana kuka ba kunya, ya ce shekarar da tsutsa ta faɗa wa lambunsa mutumen nan ne ya tuɓe riga ya shiga kwami tare da shi. Samarin unguwa sun ɗauki gawa don lada, amma iyakar abin da suka sani game da shi, tsoho ne mai faɗa a kasuwa. Ƴan ƙauyenmu na wajen Bazaga ba su cika tabarma ɗaya ba. Suka yi addu'a a gaggauce, babbansu ya ce Allah shi gafarta mai abin da ya yi, ya kuma ja ƙarshen maganar yadda kowa zai gane. Da suna sa takalma na ji wani yana faɗa wa na kusa da shi cewa mai jan gari dai ya tafi. Wallahi ba don gawa ba a daɗe da fita da ita ba, da na fito na ba shi amsa.

Duk wadda ta yi sallama kuwa sai mata su ɗaga kai gaba ɗaya, su sake sunkuyarwa. Inna suke jira, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta fi shekara goma ba ta ce masa uffan ba. Ya mutu yana neman gafararta. Ba ta zo jana'iza ba, ba ta zo sadakar uku ba.

Fuskar Kawu duk ramuka ce, tabon agana. Yana ba mu labari cewa a yarintarsu ciwon ya shiga ɗakin uwarsu ya kwashe sauran ƴan'uwansu, ya bar shi da Inna, ita ma don tana goye ne aka gudu da ita wani ƙauye. A lokacin, in aka hango masu lamba, wato masu tsaga hannu su sa maganin agana, gari yakan watse. Mata su shige daji, a jefa yara cikin rumbu a rufe. Shi kansa lakwal, wato makarantar boko, kama shi aka yi aka kai shi, don mai gari ba ya ba da ɗansa ko na mai hali, ɗan wanda ba shi da kowa ake bayarwa. Uwarsa ta yi masa kukan mutuwa ranar da aka tafi da shi. To ya girma, ya fito malamin gona, ya kuma ga da idonsa yadda agana ta ɓace daga ƙasar nan kamar an share ta. Wannan abu shi ya kama zuciyarsa har abada. Ko wace gardama ake yi da shi, ta taki ce, ta allura ce, ta karatun mata ce, in ya gaji sai ya nuna fuskarsa ya ce: “Ina agana yau? Ku nuna mini ita.” Daga nan sai ya yi dariya ya ci goronsa.

Mutum ne mai son awo. Komai sai ya auna: zurfin rami, tazarar shuka, har gishirin da matarsa ke sa wa miya, abin da ya sa suka sha yin faɗa. Ya kafa gwangwanin awon ruwan sama a bakin ƙauyenmu bisa wani ƙarfe. Wata shekara damina ta yi jinkiri, aka ce gwangwanin nan ne ke ɗaure ruwa, mahaifina kuma shi ya ja gaba aka tumɓuke shi aka jefa a tsohuwar rijiya. Kawu ya taho bisa ɗan babur ɗinsa mobilet rai a ɓace, ya tara su gindin gawo, ya ce in har gwangwanin madara na iya tare ruwan da Allah ya sauko da shi, to su faɗa masa ya sani, ya daina wahalar zuwa masallaci. Aka yi ca a kansa, ana cewa ya yi saɓo. Liman ne ya raba, ya ce bakin malamin gona ba shi da linzami, amma maganarsa tana kan hanya, masu tsoron gwangwani su ya kamata su tuba. Mahaifina bai ji daɗi ba. Da Kawu zai tafi sai ya ce tun da an karya masa kayan aiki a biya shi da ɗiya, ya ɗora ni bayan mobilet ya kai ni Ƙonni ya sa ni lakwal. Ƴan gari suka ce an ɓata yarinya. Inna ce kaɗai ta goyi bayansa, ta ce duk abin da Yaya ya ce mai kyau ne, to mai kyau ne. Haka ta yarda da shi a lokacin, ko maganin ciwon kai ba ta sha sai ya duba.

Na tashi a gidansa cikin shekarun da abin nasu ke tashe. An gina masana'antar siminti a Malbaza, an datse ruwa aka yi gonakin rani a Ƙonni, motocin furoje iri-iri, wato ayyukan raya karkara, suna ta kai da kawowa da Turawa jajaye a ciki. Mutanen da dā ke gudun ma'aikaci, yanzu su ke yi masa sammako a ƙofar gida, wanga na son taki, wancan na son sabon iri mai saurin nuna. Har kaji ake kawo masa, yana mayarwa. Ranar da ba lakwal yakan tafi da ni ƙauyuka, kuma abin da ya fi son nunawa shi ne maganin iri, wani jan gari da ake cuɗa hatsi da shi kafin shuka, don kada tururuwa da tsuntsu da ɓera su tone. Yadda yake yi ba ya sakewa. Ya zuba iri a ƙwarya, ya barbaɗa garin, ya cuɗa da hannunsa tsirara, ya ɗaga tafukan nan jawur kowa ya gani. Ya ce dafi ne, kada a ci, kada a ba dabba, kada a bar yaro kusa. Daga nan a kawo masa ruwa da sabulu ya wanke, ya sake ɗaga hannu fes, ya ce: “Kun gani? A wanke, shi ke nan.” Yana yin haka ne don manoma su daina tsoron taɓawa, don da farko ko kusa ba sa zuwa. Na ga wannan wasa ya fi a ƙirga, Inna ma ta gani, tana tsaye bayan darni tana alfahari da yayanta.

Sai yunwar tamanin da huɗu. Wanda bai gani ba, Allah kada ya nuna masa. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mahaifina ya riga ya rasu, yayana da matarsa sun tsallaka iyaka neman abinci, suka bar wa Inna ɗiyarsu wadda aka yaye ba da daɗewa ba, ga kuma autanmu da bai isa ko kiwon awaki ba. Ni ina koyarwa a Illela, abin da nake iya aikawa bai taka kara ya karya ba, don ni ma baki da yawa ne a kaina. Kafin bazara ta tsaya an cinye awaki, an cinye ganyen da a dā ko jaki ba ya kallo, an cinye har irin shuka.

Wani furoje ya ce zai raba iri. A buro aka yi shawara cewa a cuɗa shi da jan gari tun daga sito, don in aka ba mayunwata hatsi fari tas, a turmi zai ƙare, damina ta zo ba abin shukawa. Kawu yana cikin waɗanda suka ce haka ya dace, kuma bai taɓa musun wannan ba. Shi da kansa ya hau kamiyon, babbar motar da ta kai irin ƙauyenmu. Ya tsaya bisa buhuna ya ɗaga murya har ta dishe, yana cewa wanga ba abinci ba ne, dafi ne, a yi haƙuri a jira ruwa. Ya miƙa wa Inna rabonta da hannunsa, ya ƙara mata ɗan garin rogo da ya ɓoyo daga gidansa, ya ce ruwa ya kusa.

Ruwa bai zo ba. Hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Garin rogo ya ƙare. Ga hatsi a ɗaki cikin buhu, ga yara biyu da suka daina ma kuka, sai kwanciya. Inna ta ɗebi irin ta wanke, ta zubar da jan ruwan, ta sake wankewa, ta yi ta yi har ruwa ya fito garau. Ta surfa. A gidajenmu in an yi surfe, dusa da ƙasari, wato ruwan wankin hatsi, na awaki ne. To awaki babu, kuma a shekarar nan babu macen da za ta zubar da dusa. Ta yi lissafi irin na uwar gida: tsaba tana iya jira gobe, jiƙaƙƙiyar dusa kuwa ba ta kwana. Sai ta ajiye tsabar, ta dama kunu da dusar da ƙasarin, inda duk sauran dafin ya taru. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, don kada ta rage musu. Ta zaunar da su ta ba su da ludayi, suka shanye.

Kafin la'asar suka fara amai da jijjiga. Aka samu amalanken jaki, jakin ma da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Autanmu ya cika a hanya. Yarinyar ta kai ƙofar likita, ba ta shiga da rai ba.

Ni da Kawu tare muka isa ƙauye washegari, an riga an rufe su. Inna tana zaune bakin ɗaki, idonta a bushe. Ya durƙusa zai yi mata gaisuwa, ta dube shi gaban mutane ta ce: “Kai ka ce a wanke, shi ke nan.” Na jira ya ce ai hannu ya ce, ba hatsi ba. Na jira ya ce ai ya yi ta faɗa bisa buhuna, duk gari shaida ne. Bai ce ko ɗaya ba. Ya daɗe a durƙushe yana kallon ƙasa, sannan ya tashi ya fita. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. An yi ciwo a wasu ƙauyuka, an rasa wasu yaran. A buro aka taru aka ce jahilcin ƙauyawa ne, an faɗa musu ba su ji ba. Wanda ya halarci zaman ya ba ni labari cewa Kawu ya miƙe ya ce shi ba zai kira ƙanwarsa jahila ba. Ya ce su sun karanci dafi sun san shi ciki da waje, amma babu ɗayansu da ya karanci yunwa, kuma wanda ya ajiye hatsi mai dafi a ɗakin mayunwaci ya ce masa jira, to shi ma akwai abin da bai sani ba. Manyan ba su ji daɗi ba. Aka mai da shi wani lungu yana tsaron sito, bai daɗe ba ya ajiye aikin.

Duk kaka yana aika wa Inna damin hatsi daga gonarsa, ita kuwa ta raba wa maƙwabta ko zangarniya ɗaya ba ta taɓawa. In ya je ƙauye suna ko biki, da ta ji muryarsa sai ta shige ɗaki ta saki labule. Shi kuma ya tsaya daga waje ya gaishe ta da suna irin na yarinta, ya tambayi lafiyarta, ya ɗan jira, ya tafi. Na yi mata magana har na gaji, na turo mata liman, na turo tsofaffin dangi. Ta saurara da ladabi, ta ce ta ji.

Kada wani ya ɗauka Kawu ya juya wa iliminsa baya. Ko kusa. Abin da ya biyo baya ne ya ƙarasa shi. Da aka shiga shekarun casa'in furoje suka naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, malaman gona suka daina zuwa ƙauye. Amma maganin bai tafi ba, kasuwa ya koma. Ana shigo da shi ta kan iyaka a ɗura a kwalaben lemo, ba suna ba bayani, a jera kusa da mai da gishiri. Mata na saye su shafa wa yara a kai don kwarkwata, manoma na kwarara wa wake a buhu su kai kasuwa. Ƙwayoyin asibiti kuma suna yawo bayan keke cikin rana, a zaɓa da launi, a ba ni ja biyu da rawaya ɗaya. Kawu, da sandarsa, ya mai da ranar kasuwa ranar aiki. Ya tsaya gaban mai kwalabe ya tambaye shi mene ne a ciki, in ya kasa faɗa ya tara masa jama'a. An zage shi, an ture shi, yara sun yi masa waƙa. Matarsa ta ɓoye masa takalma, ya fita ba takalma.

A ƙauyenmu kuwa abin ya juya baya. Shekarar sanƙarau, da motar masu allura ta shigo, wasu gidaje sun jefa yara cikin rumbu sun rufe, suna cewa abin gwamnati ba a yarda da shi, a tambayi gidan su wance. Da na faɗa masa, sai ya ce a rayuwarsa ɗaya ya ga mutane na gudun ilimin nan, ya ga suna bin sa da gudu, yanzu ga shi suna sayen dafinsa a kwalba suna gudun maganinsa. Ya ce laifin ba na ilimin ba ne, kuma ba na mutanen ba ne, an dai haɗa su zama ɗaya ba tare da kowa ya tsaya ya san halin ɗan'uwansa ba. Ranar nan ce kaɗai na ga an yi zancen allura bai nuna fuskarsa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, sai ya kira ni. Ya ce shi ba ya tsoron mutuwa, amma yana tsoron ya tsaya gaban Allah da haƙƙin ƙanwarsa a wuyansa. Ya ce in tafi in ce mata ba ya neman ta taho, ba ya neman ta dube shi, kalma ɗaya yake so in ɗauko masa. Na hau mota ranar nan. Na same ta tana kaɗi a inuwa, na durƙusa na faɗa mata, na yi kuka, na kama ƙafarta. Mazarin bai tsaya ba. Ta ce Allah shi ba shi lafiya, ta tambaye ni ko na ci abinci. Da na komo bai tambaye ni ba, fuskata ya duba. Ya ce a juya shi ya fuskanci bango. Bai yi mako ba ya cika.

Bayan sadakar bakwai na tafi ƙauye, kuma ba gaisuwa ta kai ni ba. A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar nan. Na ce mutumen da ya goye ta suna yara, ya riƙe mata ɗiya, ya yi shekaru yana tsayuwa bayan labulenta kamar maroƙi, ta bar shi ya mutu da ƙishirwar kalma ɗaya. Na ce duk gari ya ji lokacin da ya ce kada a ci.

Ta bari na gama. Sannan ta ce: “Ke kina tsammani ban ji ba? Da kunnena na ji. Ni ya fara kallo da ya faɗa.”

Na ce to don me.

Ta ce: “Yaya ba shi da haƙƙina, tun ranar na sani. Amma in na ce na yafe mai, ya fita ke nan. In ya fita, wa ya rage cikin ɗakin? Ni ɗaya, da ludayi a hannu.” Ta gyara zanenta bisa gwiwa. “Shekarun ga duka shi ya riƙe mini rabi, bai taɓa cewa ba nashi ba ne. Yanzu ya tafi ya bar mini duka.”

Na zauna kusa da ita a ƙasa har rana ta karkata, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya karɓi abin da ya yi da kyakkyawar niyya, ya yafe masa wanda niyyar ba ta isa ta gyara ba, ya haɗa shi da yaran nan biyu a inda babu yunwa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a, na gode masa. In da saura a bakinsa, ya ƙara da Inna, ita tana nan da rai.